Jirin Da Ya Kayar Da Ni A Sahun Tahajjud

Assalamu alaikum. Ni tela ne, ina da ɗan shago a cikin birnin Kano, kuma na shafe shekaru ina gudun dogon zango, wanda 'yan jarida suke kira gudun fanfalaki. Abin da zan ba da labarinsa a azumin 2021 ya same ni, amma tushensa ya girmi wannan shekarar. Na daɗe ina juya shi a raina kafin in yarda in rubuta, domin akwai maganar aure a ciki, akwai kuma mutanen da har gobe muna gaisawa da su. Ba zan kama sunan kowa ba.

A wani ƙauye gabas da Kano aka haife ni. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai wannan" take cewa, ko ta turo ƙanwata. Gonarmu tana da nisa da gari, ni ne kuma mai kai wa Baba fura da rana. Da gudu nake zuwa, da gudu nake dawowa, ba wanda ya sa ni, jikina ne yake so. A sakandare malamin wasanni ya saka ni tseren mita 5,000, na bai wa na biyu ratar zagaye guda. A bakinsa na fara jin cewa akwai ƙasashen da mutum yake ci da iyalinsa da gudu, ya ambaci Kenya da Habasha.

Karatu bai yi nisa ba. Bayan rasuwar Baba aka kawo ni birni wurin wani amininsa in koyi ɗinki. A shagon nake kwana. Da an sallame sallar asuba sai in ɗaura takalmi in nufi filin wasa na Ƙofar Mata, wata rana in hau Dala ko Goron Dutse in sauko, in dawo in share shago kafin Maigida ya iso. A filin na haɗu da Koci, wani dattijo da ya yi gudu a zamaninsa, yana tara samari ba tare da ya karɓi ko kwabo ba.

Shi ya koya mana ƙirga bugun zuciya. Da ka farka, kafin ka ɗaga kai daga tabarma, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga na minti ɗaya cur, ka rubuta a littafi. Ya ce zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti in yana hutawa, amma ta mai gudun dogon zango tana sauka ƙasa da haka. Dalili kuwa zuciya tsoka ce, aiki yana ƙara mata girma da ƙarfi, sai ta riƙa turo jini mai yawa a bugu ɗaya. Mai babban guga, in ji shi, ba ya yawan jefawa a rijiya kafin randa ta cika. Yakan ba mu labarin Miguel Indurain, ɗan tseren keken ƙasar Sifaniya da ya cinye gasar Tour de France sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, wanda aka ce zuciyarsa sau 28 kawai take bugawa a minti.

Nawa bugun ya fara daga sittin da 'yan kai. Ya sauko 55, ya sauko 48, har wata safiya na ƙirga 42. Wannan littafin ya zama abin alfaharinmu. In mun haɗu, kafin a tambayi lafiyar mutum sai a tambaye shi, "Yau nawa ka samu?" Wanda nasa ya fi ƙasa shi ne gwani.

A ƙarshen 2019 muka haɗa kuɗi muka tafi Pankshin a jihar Filato, inda da yawa daga cikin gwanayen gudun dogon zango na Najeriya suke fitowa, saboda tsaunuka da sanyin wurin. Daga can muka wuce gasar Legas ta watan Fabrairun 2020. Kilomita 42 da mita 195, daga babban filin wasa na Surulere, a bi ta kan doguwar gadar nan ta Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Ban shiga sahun masu samun kuɗi ba, amma na gama, kuma lokacin da na yi ya sa Koci ya rungume ni. Abin da na fi tunawa shi ne ina tsallake layin ƙarshe na tsaya cak, sai duniya ta yi duhu, na tsinci kaina a kwance ana ɗaga mini ƙafafu sama. Akwai wasu da dama a kwance a gefena. Kowa ya ce ai haka ake yi.

Na dawo Kano da abu ɗaya a raina: waɗanda suka wuce ni duk sun fi ni sirantaka. A cikinmu magana ce da ba a musu a kanta, cewa kowane kilo da ka rage minti ne ka saya. Ga shi dama aljihun ɗan koyon ɗinki ba ya kai shi tukunyar mai tsire. Koko da ƙosai da safe, garau-garau da rana in ta samu, shayi da biredi da dare. Nama sai an yi biki ko suna. A kan wannan cimar nake yin sama da kilomita 120 a mako. In ƙwauri ko gwiwa suka dame ni, sai in sayi ƙwayar ciwon jiki, diklofenak, wurin masu talla, in haɗiya da asuba ciki ba komai, in fita.

Jirin a hankali ya shigo. Zan daɗe a kan keken ɗinki, abokin ciniki ya shigo, in miƙe zan gwada shi, sai kunnuwana su ɗau ƙara, gani ya fara rufewa daga gefe yana tahowa tsakiya, gumi mai sanyi ya feso mini a goshi. In dafa tebur, in yi kamar ina neman tef ɗin awo, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya wuce. Haka in na tashi daga tsugune a bayi. Haka, fiye da ko'ina, in na ɗago daga sujada zan miƙe raka'a ta gaba. Abin mamakin shi ne a cikin gudu ban taɓa jin komai ba. Ina iya yin awa biyu a kan titi garau, in dawo, tashi daga kan benci ya nemi kayar da ni. Da na gaya wa Koci sai ya ce yawancin 'yan gudu suna jin haka, alama ce jiki ya shiga fom. Ba yaudarata ya yi ba, iya abin da ya sani ke nan, kuma akwai rabin gaskiya a maganarsa. Ɗaya rabin ne ya ja mini abin da ya ja mini.

A lokacin an riga an sa mini rana da wata yarinya a unguwarmu. Bayan babbar sallah aka tsayar. Na fara haɗa lefe, kuma da hannuna nake ɗinka wasu daga cikin kayan, da dare bayan Maigida ya tafi.

Azumin 2021 ya kama a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Duk wanda ya san tela ya san me ake nufi da aikin sallah: kwana ake a kan keke, barci sai ɓarawo. Ban daina gudu ba, na dai mayar da shi bayan tarawi. In an sha ruwa zoɓo mai ƙanƙara nake cika cikina da shi, sai kunu da ƙosai, sahur kuma shayi. Littafina yana nuna 39, 38. Ina kallon lambar ina jin daɗi.

A goman ƙarshe ne, a sallar tahajjud. Liman ya yi doguwar tsayuwa, ya yi doguwar sujada. Ya yi kabbara muka miƙe, na ji ƙarar nan a kunne, na nemi abin dafawa babu. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance, rigata sharkaf da ruwa, bakina cike da jini, haƙorina na gaba ya karye a jikin ginshiƙi. Wani yana yi mini karatu a kunne. Na gane kowa nan take, na san inda nake, har na nemi tashi don kunya. Amma na lura an yi da'ira an ja baya, kuma na ji wata murya daga baya tana cewa, "Ai farfaɗiya ce, na ga ƙafarsa tana shure-shure. Kada yawunsa ya taɓa ku." A cikin masu sallar akwai baffan yarinyar da zan aura.

Abokan shago suka kai ni wani kemis da yake buɗe. Mai kemis ya ɗaura mini na'urar awon jini, ya ga lambar bugun zuciya 38, ya sake gwadawa, ya kalli abokaina ya ce su yi maza asibiti, zuciyar nan tana dab da tsayawa. A asibitin da muka fara zuwa aka ɗaura mini ruwa, aka ɗinke leɓena. Da safe wani ma'aikaci, yana duba takardata a tsaye, ya ce irin wannan bugun sai dai a dasa wa mutum na'ura mai daidaita bugun zuciya a ƙirji. Da na tambayi kuɗinta, abin da ya faɗa ko an sayar da gonar gadonmu ba zai kai ba. Ba wanda ya tambaye ni ko ina wani wasa, ni kuma a ruɗe nake, bai zo mini in faɗa ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwata, sun fi mini rasuwar Baba nauyi, domin ita na san mene ne ya same ni. Duk ɗan wasa a ƙasar nan ya san labarin Samuel Okwaraji, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin Surulere a 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. A ƙofar wannan filin na fara gudun Legas. Mun kuma san Marc-Vivien Foé na Kamaru, da ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa a 2003. Da dare sai in kwanta yatsuna a wuyan hannu, ina jiran bugu na gaba, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, wadda da nake taƙama da ita, ta zama abin firgita. Ina tsoron barci don kada ta tsaya ban sani ba. Ina tsoron miƙewa a gaban mutane.

Inna ta taso daga ƙauye da ƙullin magani da galan ɗin rubutu. A ganinta iska ce ta shafe ni, saboda fitar da nake yi da duhun asuba ina bi ta gefen maƙabarta da kududdufai. Aka yi mini ruƙiya, na sha rubutu, na yi hayaƙi. Ban ƙi ko ɗaya ba, kuma ba na raina abin da ta yi. Uwa ce ta ga ɗanta yana zubewa, ta kawo abin da take da shi. Addu'arta ce ta riƙe ni a daren da ba na iya runtsawa.

A shago kuwa abin da ya fi yi mini ciwo ƙarami ne. Muna da moɗa ɗaya da kowa yake shan ruwa da ita. Wata rana na zo na tarar an sayo sabuwa, an bar mini tsohuwar a gefen kekena. Ba wanda ya ce komai.

Bayan ƙaramar sallah dattawa biyu suka zo wurin Maigida, tunda shi ne a matsayin ubana. Suka ce a ɗan dakata da maganar aure tukuna har a ga yadda jikin yaro zai yi. Duk Bahaushe ya san ma'anar wannan dakatawar. Ba a jima ba aka dawo da kayan sa rana.

Wata ma'aikaciyar jinya da nake yi wa ɗinki ita ce ta ce lallai sai likitan zuciya ya gan ni kafin a yi maganar wata na'ura, ta kuma nuna mini yadda zan samu takardar turawa zuwa babban asibiti. Likitan da na samu ya saurare ni har na gama. Ya dubi ƙafafuna ya ce, "Malam, wane wasa kake yi?" Da na faɗa masa nisan da nake yi a mako sai ya ajiye biro. Tambayarsa ta gaba, ya ce, ita ce mafi muhimmanci a duk abin da zai tambaye ni: "Ka taɓa faɗuwa ko jin jiri kana tsakiyar gudu? Ko kuwa sai ka tsaya, ko ka tashi daga zaune?" Na ce ban taɓa ji a cikin gudu ba. Ya tambayi ciwon ƙirji, ya tambayi ko zuciyata takan yi fat-fat ba dalili, ya tambayi ko a danginmu akwai wanda ya mutu fuju'a yana matashi. Duk babu.

Sai ya sa na kwanta na ɗan lokaci, ya auna jinina: 112 bisa 70. Ya ce in miƙe in tsaya, ya sake aunawa. Ya sauka 86 bisa 58, kuma a gabansa jirin ya zo, ya riƙe ni ya zaunar. Ya ce in lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da miƙewa, to an samu abin da suke kira faɗuwar jini ta tashi tsaye. Tawa ta wuce haka.

Bayanin da ya yi mini ban manta da shi ba. Duk mutumin da ya miƙe tsaye, jini kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya yana gangarawa ƙafafu da ciki saboda nauyinsa. Akwai wasu jijiyoyi a wuya da kusa da zuciya da suke jin wannan saukar nan take, sai su sa zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su matse, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da samun rabonta. A jikin mai gudun dogon zango zuciya ta saba aiki a natse da jini mai yawa a kowane bugu, hanyoyin jinin ƙafafunsa kuma sun buɗe sun saba ɗaukar jini da yawa. In jinin da yake komowa zuciya ya ragu farat ɗaya, abin da take turawa yana raguwa sosai fiye da na wanda ba ya wasa. Shi ya sa ɗan gudu mai ƙoshin lafiya ma yakan ji ɗan jiri in ya zabura. Shi ya sa kuma ake zubewa bayan layin ƙarshe: tsokar ƙwauri ce take matso jini sama in kana gudu, da ka tsaya cak ta daina, ga hanyoyin jini a buɗe saboda zafi. Nan ne gaskiyar Koci ta tsaya. "Amma ɗan jiri daban," in ji likita, "faɗuwa har da karya haƙori daban. Akwai abin da ya hau kan wannan, shi za mu nema."

Game da shure-shuren da aka gani, ya ce mai suma ma yakan yi 'yar fizga na daƙiƙoƙi in jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, mutane su ɗauka farfaɗiya ce. Mai suma yana dawowa hayyacinsa da zarar ya kwanta, mai farfaɗiya kuwa yakan daɗe a ruɗe bayan ta sake shi. Ya ƙara da cewa ko da farfaɗiyar ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta moɗa, kuma tana da magani. Wannan maganar ta tsaya mini. Ni da aka ƙaƙaba wa sunan ciwon na 'yan watanni na ji yadda yake, ina ga wanda yake ɗauke da shi tun yana yaro a unguwanninmu.

Aka yi mini gwajin lantarkin zuciya, aka ɗauki hotonta da na'urar da ake gogawa a ƙirji, aka liƙa mini wata 'yar na'ura na kwana da ita tana rubuta kowane bugu na awa 24. Aka kuma ɗora ni a injin gudu da wayoyi a jikina. Bugun ya tashi daga arba'in da 'yan kai ya haura 180, a tsare, ba tsalle ba gargada. Likita ya ce zuciyar da ta lalace ba ta iya wannan. Abin da yake tayar musu da hankali a ɗan wasa shi ne bugu ƙasa da 30 mutum yana farke, ko zuciya ta yi shiru na daƙiƙa uku ko fiye, ko ta kasa ƙara sauri in ana aiki. Ba ni da ko ɗaya. Ba na buƙatar na'ura. Na fito daga ɗakin na zauna a kan dakalin asibiti na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

A gwajin jini aka kama ɓarawon. Ma'aunin yawan jinin jikina 9.8 ne, alhali namiji baligi bai kamata ya gaza 13 ba, kuma ajiyar sinadarin ƙarfe a jikina ta kusa ƙarewa. Likita ya lissafa mini hanyoyin da ya bi ya zube. Cimata ba ta da shi, shayin da nake korawa da abinci yana hana hanji tsotse ɗan abin da ya samu, doguwar tafiya a kan kwalta tana farfasa wasu ƙwayoyin jini a tafin ƙafa, zazzaɓin cizon sauro yana cin nasa, sannan ƙwayar ciwon jikin nan da nake sha ciki ba komai tana ƙuje ciki jini yana tsiyaya kaɗan-kaɗan ban sani ba. A kan wannan aka ɗora azumi a zafin Afrilu, gumi ba a mayar da ruwa da gishirinsa ba, rashin barci, da zoɓo, wanda shi kansa yana ɗan saukar da jini. Ya kuma ce jikin da ake ba shi abinci ƙasa da aikin da yake yi yakan rage komai don ya tsira, har da bugun zuciya. Wato daga cikin 38 ɗin nan da nake murna da ita, wani kaso na horo ne, wani kaso na yunwa.

Maganin bai kai kuɗin takalmin gudu ba. Ƙwayar ƙarin jini ta watanni, a sha da lemo ko gwaba, a nisanta ta da shayi. Maganin gyambon ciki, da haramcin diklofenak. Hanta, kifi, wake, zogale, ƙwai, da ƙarin tuwo a kwano. Ruwa sosai, kuma in na yi gumi mai yawa in haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake bai wa yara masu gudawa: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Shawarar gishirin, ya ja kunnena, tawa ce ni mai jini ƙasa, kada in kai wa mai hawan jini. In zan tashi daga kwance in fara zama, in motsa ƙafafu. In jiri ya zo in harɗe ƙafafu in matse tsokar cinya, ko in tsuguna nan take ko a gaban waye. Gudu kuma a ajiye shi na wani lokaci. Da na ajiye, bugun ya hau hamsin da wani abu da kansa, wanda ya ƙara tabbatar masa cewa zuciyar lafiya take.

Malaminmu na unguwa ya sauƙaƙa mini sauran. Ya ce shari'a ta yarda wanda tsayuwa take cutarwa ya yi salla a zaune, marar lafiya kuma ya sha azumi ya rama. Kwanakin da na sha bayan faɗuwar sai da sanyin hunturu ya shigo na rama su.

Na ɗauki takardar likita na tafi gidan su yarinyar da Maigida. Na durƙusa na gaishe da mahaifinta na ce, "Baba, ga abin da asibiti suka ce." Ya karɓa da hannu biyu, ya sa aka karanta masa, ya yi mini addu'a. Sannan ya ce, "Yaro, ban ƙi ka ba. Amma magana ta riga ta zaga dangi, iyayenta mata sun ƙi, ni kuma ba zan raba kan gidana ba. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa." Ban ga ƙiyayya a fuskarsa ba, nauyi na gani. Kafin shekara ta zagayo aka ɗaura mata aure da wani. Kayan lefen da na ɗinka na bai wa ƙanwata.

Ko da likita ya ba ni izinin komawa fili, ban koma ba. Na tura takalman ƙarƙashin tebur, na daina bin hanyar Ƙofar Mata, in na hango Koci sai in sauya layi. Gani nake gudu ne ya raba ni da komai. Na yi ƙiba kaɗan, jirin ya tafi, amma na zama mutum marar magana, ina ɗinki ina kuskuren awo. Inna ce, wadda ta fi kowa ƙin fitar asubar nan, ta zo birni ta dube ni ta ce, "Kai wannan, tun kana kai wa ubanka fura ban taɓa ganin ka zauna wuri ɗaya ka yi kyan gani ba. In likitan ya ce ka tashi, ka tashi. Ka dai ci abinci." Washegari na nemi Koci. Na zauna na ba shi labarin duk abin da likita ya ce, ya saurara kansa a ƙasa, ya ce in zo in maimaita wa yaran da bakina.

Yanzu ina da shagona, na yi aure, Allah Ya ba mu 'ya mace. Rabin fanfalaki nake yi, kilomita 21, kuma na fi da sauri a kansa duk da na fi da nauyi. Bugun safiyata yana yawo tsakanin 45 da 48. Jiri yakan leƙo jefi-jefi in zafi ya tsananta, na san abin da zan yi. Duk shekara ina komawa a duba jinina da zuciyata, domin likita ya gaya mini cewa waɗanda suka daɗe suna irin wannan gudun sukan fi sauran mutane haɗuwa da rikicewar bugun zuciya in girma ya zo. A azumi ba na yin nisa, kuma ba na haɗa shi da kwanan aikin sallah.

Koci ya tsufa, yawancin safiya ni nake fita da yaran. Littafin bugu yana nan, amma mun ƙara masa layi biyu: me ka ci jiya, da ko ka ji jiri, kuma a wane hali. Ba wanda yake tsayawa cak bayan gudu, sai an taka a hankali jiki ya huce. Bara wani yaro ɗan shekara 16 ya zube muna tsakiyar zagaye, ƙafarsa tana kan gudu. Ya farfaɗo da wuri, yana dariya yana cewa irin nawa ne, a ba shi ruwan gishiri. Na ce masa nawa bai taɓa kama ni a cikin gudu ba, kuma ba zai sake taka filin nan ba sai likitan zuciya ya gan shi. Mahaifinsa ya ji haushi, ya ce ina neman ɓata wa ɗansa suna a unguwa. Na fahimce shi sarai, na san abin da yake tsoro. Na je gidansa na zauna na ba shi labarina tun daga farko, har da maganar auren, sannan ya yarda muka tafi tare.

Hoton zuciya ya nuna ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyar yaron ta ƙuntace, sakamakon ciwon maƙogwaro da ya yi ta fama da shi yana ƙarami ba a ba shi maganin da ya dace ba. An hana shi gasa, an ɗora shi a kan allurar fenisilin ta wata-wata, ana kuma duba yiwuwar yi masa aiki nan gaba. Mahaifinsa ya kawo mini shi shago yana koyon ɗinki, kuma ni nake raka shi asibiti ranar allura.